Ko Kun Sani? Helikwaftan da Aka Ƙera a Gida a Kano

A shekarar 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a bayan gidansu, yana ɗan shekara 24. Wata takwas ya kwashe yana aikin. Injin tsohuwar Honda Civic mai ƙarfin doki 133 ya sa masa, kujerun kuma na wata tsohuwar Toyota ne, wasu sassan ya samo su daga ɓaraguzan wani Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. A ƙarƙashin jirgin ya liƙa kyamara, ya haɗa ta da ƙaramin allo domin matuƙi ya riƙa ganin ƙasa.

Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa bakwai ba, kuma babu na'urar auna nisansa daga ƙasa. Ko da ya fi haka tashi, sai da rajista, da takardar shaidar lafiyar jirgi, da lasin tuƙi doka za ta bar shi ya keta hazo. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ke ba da su, a Nijar kuwa ANAC.