Tsiren da Ya Bi Hanyar Makka

A watan Yulin 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Da yawa daga jama'arsa da suka tsira ba su koma gida ba. Suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka nausa gabas ta ƙasar Chadi da Darfur da Kordofan, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajajen 1906. Garin da suka kafa, Mayurno, da sunan Mai Wurno ake kiransa har yau.

Dama hanyar ta maniyyata ce. Mai zuwa hajji a ƙafa kan shafe shekaru, guzuri kuwa ko kayan jaki goma ne sai ya ƙare. Sana'ar hannu ce ta riƙe mutanen nan. Inda duk aka ya da zango, wanzami ya buɗe zabira, maɗinki ya zare allura, mata su soya gyaɗa su kai kasuwa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, dubbai suka tsaya tsinkar auduga, da niyyar tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Masanin nan Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya tarar jikokinsu da aka haifa a Sudan suna kiran kansu maniyyata.

Amma ni aikin mahautan cikinsu ne ya fi burge ni, domin shi ya shiga gidan kowa. Tsiren da suka zo da shi, wanda 'yan Sudan ke ce wa agashe, ba ya yiwuwa da gaggawa. Sai an feɗe nama falle-falle, wuƙa na bin sa a kwance, an soke a tsinke, an shafe da garin ƙuliƙuli da citta da barkono. Ba a ɗora shi bisa harshen wuta, sai dai a jera tsinkunan kewaye da garwashi, zafi ya ratsa a hankali. Ka matsar da shi kusa, ƙuli ya ƙone ya yi ɗaci, cikin nama ɗanye. Shi ya sa yaron mahauci kan daɗe yana hura wuta da juya tsinke kafin maigida ya damƙa masa wuƙa. Ido da hanci ke koyon wannan aiki, ba baki ba.

Mutanen nan da aka daɗe ana yi wa kallon baƙi, ana ce musu Fallata ko Takari, su suka koya wa Wad Madani da Omdurman da Khartoum cin agashe da albasa da lemon tsami bayan magariba. Da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa mutanen Jazira da na babban birnin, agashen ya sake bin masu hijira: yau ana gasa shi a gidajen abincin 'yan Sudan a Alƙahira.