Wutar Sola A Gidajen Ƙasar Bagudo: Amfaninta Da Wahalarta

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bagudo a 'yan shekarun nan, ko ta Illo da Lolo wajen Kogin Kwara, ko ta Ka'oje da Tsamiya zuwa iyakar Jamhuriyar Benin, ya ga baƙaƙen faranti bisa rufin gidaje da rumfunan kasuwa. Su ne ake kira sola, watau abin da ke juya hasken rana ya zama wutar lantarki. Manoma da yawa na shawarar sayensu da kuɗin shinkafa ko na albasa. To, kafin mutum ya kwance bakin jakarsa, ya kamata ya san abin da zai samu da abin da zai ɗauko wa kansa.

Dalilin da ya sa jama'a suka koma ga rana ba ɓoyayye ba ne. Ruwan da ke wucewa ta Lolo shi ne ke juya injunan Kainji tun 1968, amma har yanzu akwai ƙauyuka da yawa da waya ba ta kai ba, inda ta kai kuwa ba kullum ake samun wuta ba. Janareta shi ne madogara, shi kuma sai da fetur. A watan Nuwamba na 1919 ba a san wannan damuwa ba, amma a Nuwamba na 2019 gwamnati ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen bakin iyaka suka sha wuya. Da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 kuma ta wuce 1,000.

Amfanin sola na farko shi ne ba ta shan mai. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba kuma haɗarin da ke kashe iyali in an kwana da janareta kusa da ɗaki. Yara su yi karatu da dare, uwargida ta yi aikinta ba da fitilar kwai ba, maigida ya yi cajin wayarsa ya ji farashin hatsi a Malanville ko Birnin Kebbi kafin ya yi lodi. Farantin kirki yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, ba shi da wani abu mai juyawa balle ya cinye.

Amma fa hasken rana ne kyauta, ajiye shi ba kyauta ba ne. Faranti da rana kaɗai yake ba da wuta, gida kuwa da dare ya fi bukatarta. Saboda haka dole sai da batir, kuma a nan ne wahalar take. Batir mai ruwa yakan yi shekara 2 zuwa 4 ya mutu, zafin bazara na Maris da Afrilu kuwa yana rage masa kwana. In ana zuƙe shi har ƙasa kowane dare, ko shekara ba zai kai ba. Ƙa'idarsa ita ce kada a sha fiye da rabin abin da ke cikinsa. Akwai wani iri da ake kira litiyam, ya fi daɗewa ƙwarai, sai dai ya fi tsada. Gidajen da aka ga faranti a sama amma duhu a ciki, galibi batir ne ya mutu ba a tanadi kuɗin sabo ba.

Sa'an nan akwai ƙurar hunturu, wadda ke rufe fuskar faranti ta rage ƙarfinsa, da hadarin watan Agusta, lokacin da akan yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba. Akwai kuma kayan jabu a kasuwa, farantin da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi, da tsohon batir da aka wanke aka sayar a kan sabo. Arha ba ta ado.

Ga lissafin da ya kamata a yi tun kafin a je kasuwa. Farantin da ke da ƙarfin wat 100, in ya sami awa 5 ta rana mai ƙarfi, ya tara 500. A cire kashi ɗaya cikin huɗu da ke ɓacewa a waya da batir, saura wajen 375. Ƙwai 4 masu wat 5, in sun yi awa 5 a kunne, sun ci 100. Ƙaramar fanka mai wat 20, awa 8, ta ci 160. Cajin waya 3 ya ci wajen 40. Jimla 300 ke nan, watau ya isa har da ɗan rara. Amma dutsen guga guda ɗaya yakan ci wat 1,000, cikin minti 25 ya cinye abin da aka tara yini guda. Wanda ke son firji ko guga sai ya sake lissafi, ya ƙara faranti da batir.

Wajen kafawa, a sa farantin ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi kaɗan don ruwan sama ya wanke shi, a kuma nisanta shi da inuwar itace. A riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, da hunturu ko sau biyu a mako. Lalle a sa kwantarola, watau ɗan akwatin da ke tsakanin faranti da batir yana tsare shi daga cika fiye da kima. Batir a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, ruwansa kuwa sai tataccen da ake sayarwa don haka, ba na rijiya ba. In ya mutu kada a fasa shi a gida, gama dalmar da ke ciki guba ce, ta fi kuma cutar da yara. A mai da shi ga masu saye.

Mai noman rani yana da wata riba. Famfon sola yana ɗebo ruwa da rana tsaka ba tare da batir ba, daidai lokacin da shinkafa da albasa ke bukata. In damina ta faɗi, sai a kwaso farantin a kawo gida su ƙara wa na rufi ƙarfi, sun kuma tsira daga ɓarayi.

Saboda haka duk aikin da za a iya yi da rana, kamar caji da ɗibar ruwa, a yi shi da rana, a bar wa batir fitila da fanka. Kuma kowace kaka manomi ya ware kuɗin batir kamar yadda yake ware iri, ya ajiye. Allah ya ba da damina mai albarka.