Ga Hoto Ba Murya: Inda Laifin Yake Tsakanin Talabijin Da Lasifika

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, mai akwatin talabijin a Haɗeja damuwarsa guda ce, watau dogon ƙarfen eriya da zai kamo masa Kano. Yau kuwa ma'aikaci yakan tara albashi ya sayo amfilifaya da lasifika shida, biyar na kewaye ɗaki, ɗaya ta gangar ƙasa, abin da masu sayarwa ke kira 5.1. Ya haɗa, ya tara iyali, sai ga hoto tangaran amma ɗaki tsit. Da yawa sukan ɗauka an cuce su ne, alhali sau tari kayan lafiyarsu lau.

Wuri na farko da ya kamata a duba shi ne bayan talabijin. Ramukan HDMI sukan kai uku, amma galibi ɗaya kaɗai, wanda aka rubuta ARC a gefensa, yake mayar da murya zuwa amfilifaya. Tun 2009 aka fito da wannan tsari. Bayan an sa wayar a ramin da ya dace, tilas a shiga saitin murya a umarci talabijin ya bar tasa lasifikar, sa'an nan a kunna abin da ke sa na'urorin biyu su gane juna. Samsung suna kiransa Anynet+, LG kuwa SimpLink.

In lasifikan gaba suna magana na baya sun yi gum, to, a dubi irin wayar. Wayar nan mai kai ja da fari hanya biyu rak take ɗauka, dama da hagu, ko nawa aka saye ta. Har ila yau, shirye-shirye da yawa da hanya biyu aka ɗauke su tun asali, saboda haka shirun na baya ba lalacewa ba ne.

Ƙasar Haɗeja ma tana da nata rabon. Da hunturu ƙura takan toshe ramin wayar haske, wadda ake gane lafiyarta da ɗan jan haske a bakinta. In an share ramin murya ba ta fito ba, sai a mayar da saitin talabijin kan PCM, domin wasu na'urorin ba su iya fassara Dolby. Da damina kuma, musamman a garuruwan bakin kogi da fadamu, danshi yakan sa bakin wayoyi tsatsa. Yanke ɗan bakin, a feƙe sabo, shi ne maganinsa.

Amfilifaya mai kashe kanta da kanta kariya take yi wa kanta. Ko dai silin waya guda ya taɓa na kusa da shi, ko kuma wutar janareto ta gaza ƙarfin 230 da aka yi kayan dominsa. Wanda ya nace da kunnawa yana iya ƙona ta. Gurnani mara yankewa kuwa, a zare wayar tauraron ɗan Adam a ji: in ya tsaya, daga nan yake, kuma haɗa kayan duka a soket guda yakan rage shi.

Dokar masu gyara ita ce a kashe wuta, a canja abu ɗaya, a gwada, kana a taɓa na biyu. Mai gida da ya bi wannan, da wuya ya ɗora kayansa a kan babur zuwa kasuwa saboda waya guda.