Buhu na Goma Ba Ya Aikin Buhu na Farko

Ka tambayi manomin masara a Saminaka ko Funtuwa, zai ce maka buhun taki na farko shi ne mai aiki. Na biyu yana ƙara amfani, amma bai kai na farko ba. In aka ci gaba da zubawa, ana zuwa inda ƙarin ba ya tsinana komai sai cin kuɗi. Duk da haka sai ka ga ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta da alƙaluman gona, ya ce ta ja masa miƙaƙƙen layi. Ma'anar wannan layi kuwa ita ce buhu na goma daidai yake da na farko.

Dabarar da yake amfani da ita, ita ce masana ƙididdiga ke kira rigireshin, wato auna yadda abu ɗaya ke sauyawa idan wani ya sauya: amfanin gona da taki, albashi da shekarun karatu. Kwamfuta tana nemo layin da ya fi kusa da alƙaluma, amma ba ita ke zaɓar siffarsa ba. Mai bincike ne ke cewa a miƙe ko a lanƙwasa, kuma yawanci ba ya ma lura cewa zaɓi ya yi.

Tun 1909 wani masanin noma Bajamushe, Mitscherlich, ya rubuta lissafin da ke nuna amfanin gona yana hawa da sauri, sannan ya riƙa lafawa har ya kwanta. Amma da yawa sun fi son hanya mai sauƙi: a saka yawan taki, a ƙara da yawan takin sau kansa, sai layi ya yi baka, ya hau ya sauko. Matsalar wannan baka ita ce saukarsa dole ta yi daidai da hawansa, alhali masara ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba.

A 1990 wasu masu bincike, Cerrato da Blackmer, suka gwada siffofi biyar a kan gwaje-gwajen takin naitrojin a gonakin masara na jihar Iowa ta Amurka. In ma'aunin dacewa da alƙaluma kawai za a duba, kusan duk kunnen doki suka yi. Da aka zo tambayar da ta dami manomi, wato taki nawa ne ke biyan kuɗinsa, sai amsoshin suka yi hannun riga. Siffar bakan nan ta ba da shawarar taki fiye da kima. Wadda ke hawa kamar baka sannan ta shimfiɗe ita ta fi kama gaskiya. Alƙaluma ɗaya, gona ɗaya, amma shawara daban-daban. A inda ake sayen buhu da kuɗin rance, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wata siffar da ake yawan ɗauka ita ce logaridim, wadda ke kallon ninki maimakon ƙari. Samuel Preston ya nuna a 1975 cewa ƙarin kuɗin shiga yana tsawaita rayuwa sosai a ƙasashe matalauta, amma kaɗan a masu arziki, kuma logaridim ya dace da irin wannan. Sai dai sifiri ba shi da logaridim. Manomin da bai zuba taki ko kaɗan ba, manhaja na iya jefar da shi daga lissafi shiru, shi kuwa sau da yawa shi ne wanda ake binciken dominsa.

Akwai gwaje-gwaje na taimako, irin wanda wani masani, Ramsey, ya fito da shi a 1969, amma iyakarsu su ce akwai matsala. Ba sa faɗin siffar da ta dace. Ni a ganina ido ya fi su. A 1973 Francis Anscombe ya haɗa rukuni huɗu na alƙaluma, kowanne ɗigo 11, duk suka ba da layi iri ɗaya. Da aka zana su, ɗaya baka ne sak, wani kuma ɗigo guda ne ya ja layin gaba ɗaya.

Don haka malaman da ke duba kundin ɗalibai, kafin ku sa hannu, ku nemi ganin zanen alƙaluman, ku kuma tambayi ɗalibin dalilin da ya sa layinsa ya miƙe.