Kyamara A Hannuna, Mawaƙi A Gabana

Yau dai ku yi haƙuri, ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, littafin da kuke ta cigiya yana nan tafe in Allah Ya yarda. Wata yarinya ce 'yar aji biyar ta aiko mani da saƙo, wai ta ga hotunan mawaƙa da nake ɗauka a wajen wasa, sana'ar ta kwanta mata a rai, amma ba ta san ta inda za ta kama ba, ga kuma tsoron abin da za a ce a gida. Da na karanta sai na yi murmushi, don kamar ni ce na rubuta wa kaina.

Ni ma ba da niyya na shiga ba. Bikin 'yar gwaggona ake yi a nan Augie, bayan an gama yankan shinkafa, lokacin da kowa ke da 'yan kuɗi a hannu, aure kuwa sai ka rasa wanda za ka je. Ranar wuni an ɗauko masu kiɗan ƙwarya, gida ya cika maƙil da mata. Mai hoton da aka kira namiji ne, yana isowa zaure aka ce masa iyakarsa ke nan, matan aure sun ajiye mayafi. Sai Inna ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar ga, ɗauko abin hoton yayanki mana, ko tsayuwa kika zo yi?" Yaya yana da wata tsohuwar Canon ta hannu da ya saya a Sakkwato. Na ɗauko ina yauƙi, ina jin kaina wata babba.

Ke dai bari. Hoto ya fi ɗari biyu na ɗauka a daren, da muka zuba su a kwamfuta washegari waɗanda za a iya nuna wa mutum ba su kai goma ba. Wasu fuskoki sun yi fari fat kamar an watsa masu gari, idanu jajur, bayansu duhu ƙirin. Wasu kuma hannun masu kiɗan ya zama hayaƙi. Na yi kuka har da majina. Gwaggo ba ta ce mani komai ba, shirun nata kuwa ya fi zagi ciwo.

Amma a daren na gane wani abu da har gobe nake cin moriyarsa. Akwai filin wasa guda da namiji ba ya shiga komai tsadar kyamararsa: wuni, kamu, zaman amada a tsakar gida. Nan ce makarantarki ƙanwata, kuma nan ce kasuwarki ta farko. Ga mawaƙiya, ga 'yan amshi, ga masu rawa, ga ƙarancin haske. Duk wahalar da za ki tarar a babban dandamali tana nan a tsakar gidan gwaggonki, ba tare da 'yan iska suna ture ki ba.

To, me ya ɓata mani hotuna? Haske. Ita kyamara da haske take rayuwa, shi kuwa wasa da dare ake yin sa. Da ta ga duhu sai ta kunna filasha da kanta, filashar ta wanke fuskar na kusa, ta bar na nesa cikin duhu, ta kashe ɗan hasken wurin mai kyau. Don haka darasi na farko, kashe filasha, ki daina barin kyamara tana yi maki tunani. Abubuwa ne da za ki riƙa juyawa da hannunki, kuma wallahi ba su kai lissafin aji uku wuya ba.

Ki ɗauki kyamara kamar idon mutum. Akwai yadda idon ke buɗewa: in ya buɗe sosai haske ya shiga da yawa. Za ki ga lamba da harafin f a gabanta, abin dariyar shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar buɗewa, f/1.8 ya fi f/5.6 shan haske nesa ba kusa ba. Gilashin da ke zuwa tare da kyamara ba ya buɗewa haka, shi ya sa duk wadda ta tambaye ni abin da za ta fara saya nake ce mata gilashi mai lamba 50mm f/1.8. Yana cikin mafiya araha, ana samun na hannu, kuma shi ya canza mani rayuwa. Ba ya jawo abu daga nesa, ƙafarki ce za ta yi tafiyar.

Sai ƙiftawar idon. In kyamara ta yi jinkirin ƙiftawa, duk abin da ya motsa sai ya zama hayaƙi, abin da ya sami hannun masu ƙwaryata ke nan. Mawaƙin da ke tsaye yana ɗan rausaya, 1/250 ya ishe shi. Mai kalangu kuwa ko mai rawa in ta ɗauki zafi, sai kin kai 1/500. Idan kin yi haka hoton ya yi duhu, sai ki ɗaga abin da ake kira ISO, zuwa 1600 ko 3200. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki kamar an yayyafa masa rairayi, kada ya dame ki. Mai tsaki ana sayensa, mai hayaƙi ko kyauta ba a karɓa. Wadda ba ta da kyamara kuma kada ta ce an bar ta a baya, wayoyin yanzu da dama suna da wurin da ake juya ƙiftawa da ISO da hannu, sai ta shiga ta yi ta gwaji a ɗaki da hasken fitila ɗaya.

Abin da ba a koyarwa a littafi shi ne kunne. Ni a ganina wadda ba ta son waƙa kada ma ta soma. Ai kin san yadda waƙarmu take: jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa, a koma gindi. Duk lokacin da jagora ke zuba baiti, abin magana yana rufe masa baki, jijiyar wuya a waje, ido a rufe, in kika ɗauka sai ki ga kamar yana cin rogo. Ki jira. Da zarar 'yan amshi sun karɓa sai ya sauke hannu ya numfasa, ya dubi jama'a, wani lokaci ya yi dariya ko ya nuna wani da yatsa. Wannan 'yar daƙiƙar ita ce hotonki. Kuma tunda gindin waƙa dawowa yake yi, in ta wuce ki za ta sake zuwa. Shi ya sa kafin in je wasan kowane mawaƙi sai na yi kwana biyu ina sauraren waƙoƙinsa ina wanke-wanke, har Inna ta ce na ishe ta.

Fitata ta farko waje ita ce bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020, wanda aka dawo da shi bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba. Mu mutanen Kabi mun san asalinsa, a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, aka yi masa kamun kifi don girmamawa, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Masu hoto daga ko'ina sun yi dafifi a bakin Matan Fada, kowa na jiran ƙaton kifi, wasu da gilasai kamar taɓarya. Na dubi 'yar kyamarata na san ba ni da wurin zama a cikinsu. Sai na juya wajen makaɗa, na cikin kwalekwale da ke zuga masunta, da waɗanda ke yi wa 'yan kokawa da 'yan dambe kiɗa. Ba mai kula su, su kuwa da sun ga an saita su sai su ƙara ƙaimi. Kuskure ɗaya na yi ranar, na cire gilashi a fili ƙura na tashi, na dawo gida kowane hoto da ɗigon baƙi a sama, sai da aka kai kyamarar gyara.

Wasan mawaƙan zamani da ake yi da salla a Birnin Kebbi da sauran birane, wannan wata duniya ce. Fitilu ja da shuɗi suna juyawa, ga hayaƙi, ga lasifika kamar za ta tsaga ƙirji. Jar fitila ita ce abokiyar gabarki, tana cinye fuska ta bar ta kamar ɗanyen nama, sai ki jira fara ko rawaya ta zagayo. A Turai da Amurka al'adar manyan wasanni ita ce a bar masu hoto su yi waƙa uku na farko a gaban dandamali, ba filasha, sannan su fice. A nan ban taɓa ganin an kafa wannan doka ba, amma ni na kafa wa kaina kusan irinta, don farkon wasa mawaƙi bai jiƙe da gumi ba, jama'a ba su rikice ba, kuma in isa gida da wuri. Ki je tun da rana ki gaida masu shirya wasan, ki nuna masu aikinki, su ba ki katin shiga su kuma nuna ki ga masu tsaron ƙofa. Ki tsaya a gefen dandamali, ban da gaban lasifika, ki toshe kunne ko da auduga ce. Hijabi mai duhu, takalmi maras tsini, jaka a gaba, batir biyu da mimori biyu. Kuma ban taɓa zuwa ni kaɗai ba, ko Yaya ko ƙanena.

Maganar kuɗi a gama ta kafin kiɗa ya tashi, a ba ki rabi kafin alƙalami. Yaran wani mawaƙi sun taɓa karɓe mani aikin dare guda da alkawarin wai za su tallata ni, na ga hotunan suna yawo an yanke sunana daga gefe, ko sisi ban gani ba.

Yanzu ki gyara zama, ga inda gizo ke saƙa. A wani wuni na ɗauki wata matar aure tana rawa, ɗankwali ya zame, tana dariya, hoto ne mai kyan gaske. Daɗi ya ɗebe ni na tura wa ƙawata guda ɗaya ta WhatsApp, don kawai ta yaba. Kwana uku hoton ya isa hannun dangin mijinta. Baiwar Allah sai da ta yi sati biyu a gidansu kafin manya su sa baki. Na je har ɗakinta na durƙusa, ta ce, "Ƙanwata, mun bar ki kin shigo ne don ke mace ce." Har yau in na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar hoton biki ba ya fita daga hannuna sai zuwa hannun uwar biki, wanda mayafi ya zame kuwa a gabanta nake goge shi. Ko a doka ma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba wanda ya ɗauko ki aikin hoto na harkar gidansa ikon hana a yaɗa shi. Sannan ga liƙi. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙa naira da tattaka ta a wajen biki, kuma a 2024 hukumar EFCC ta kai mutane kotu a kan haka, bidiyon da aka yaɗa ne ya tona su. Kafin ki saki hoton Hajiya tana ɓarin kuɗi a kan mawaƙi, ki tambaye ta.

Saura Baba. Da na fara zancen fita waje cewa ya yi, "Wa ya taɓa ganin ɗiya mace da wagga sana'a?" Ban yi gardama ba, na bari ya ci tuwo ya huta, na kawo masa labarin Aisha Augie, ɗiyar marigayi Sanata Adamu Augie da Mai Shari'a Amina Augie. An haife ta a Zariya a 1980, mahaifinta ne da kansa ya ba ta kyamara tana yarinya, ta yi karatun aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello, hoto ya kai ta ƙasashen duniya, a watan Janairu na 2024 kuma aka naɗa ta shugabar cibiyar CBAAC mai kula da fasaha da al'adun baƙar fata. Na ƙara masa da Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda ta karanci aikin jinya, ta kuma fara nuna wa duniya rayuwar mutanen Borno da kyamara a 2015. Sunan garinmu da ya ji ne ya sassauta shi. Ya ce to, amma da rakiya, ban da otal, kuma ranar da ya ji an kawo ƙarata ranar zai karɓe abin. Ke ma kada ki fita a ɓoye, kuma kada ki bar makaranta a kan wannan, ki bar shi sana'ar Asabar da hutu.

Wani abu da ke ba ni takaici, dubi Mamman Shata da ya rasu a 1999, dubi Barmani Choge da ta rasu a 2013, shekaru nawa suka yi suna cika fili, amma in kika nemi hotonsu suna tsakiyar wasa 'yan ƙalilan ne ke ta zagayawa, su ɗin dai su ɗin dai. A Bamako ta Mali kuwa wani mai hoto, Malick Sidibé, ya bi wuraren rawar samari da 'yan mata dare-dare a shekarun 1960, hotunan nan su ne yau ake ratayewa a manyan gidajen tarihi na duniya.

Cikin hotuna goman da suka tsira a bikin 'yar gwaggona akwai na tsohuwar da ke jagorantar masu ƙwaryar, ta ɗaga hannu, bakinta ja da goro, tana dariya. Ban ma san yadda aka yi ya fito ba. Bayan shekara biyu Allah Ya yi mata rasuwa, 'yarta ta zo har gidanmu da yamma tana tambaya ko gaskiya ne ina da hoton tsohuwarsu tana waƙa, don na katin zaɓe kaɗai gare su. Na kai aka wanke mata babba a Argungu. Ta kwance bakin zane za ta biya, Inna ta riƙe mata hannu.