Maganin gargajiya: Ɓarnar da hanta da ƙoda ke sha a ɓoye

A tashoshin mota na Nyanya da Mararaba, inda dubban ma'aikata ke hawa mota zuwa Abuja kowace safiya, ba a rasa mai tallan jiƙo ko tsimi a gora. Kwalba ɗaya, in ji mai ita, tana maganin basir da shawara da ciwon baya. Ba a rubuta abin da ke ciki ba, balle adadin da za a sha.

Duk abin da mutum ya haɗiya, hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda kuma ta tace ta fitar. Shi ya sa su ne ke fara jin jiki idan saiwa ko sassaƙe na ɗauke da guba. Ƙoda kan yi nisa da lalacewa kafin kumburin ƙafa ko na fuska ya bayyana. Idan ta gaza gaba ɗaya, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ko kuma dashe.

Duniya ta ga misali a Beljiyam a farkon shekarun 1990. Mata fiye da 100 da suka sha maganin rage ƙiba a wani asibiti sun kamu da ciwon ƙoda, saboda tsiron Aristolochia da ya shiga haɗin bisa kuskure. Daga baya wasunsu suka kamu da cutar daji. Akwai dangin wannan tsiro a Afirka ta Yamma, kuma ana magani da shi.

Ba a ce ganye ba ya warkarwa. Cibiyar NIPRD da ke Idu a Abuja ta samar da Niprisan, maganin sikila, daga tsirrai, amma bayan gwaji da awo.

Ita ma lambar NAFDAC tana buƙatar fahimta. Wadda ta ƙare da harafin L na nufin an duba lafiyar maganin ne kawai, hukumar ba ta tabbatar da cewa yana warkar da cututtukan da aka lissafa ba.

Haɗarin ya fi yawa ga masu hawan jini da ciwon suga, da masu haɗa jiƙo da ƙwayoyin kashe ciwo. Ga irin waɗannan, likitoci na ba da shawarar su faɗi duk abin da suke sha, su kuma riƙa yin gwajin jini da fitsari don duba hanta da ƙoda tun kafin jiki ya nuna alama.