John Howland: Baran da ya faɗa teku ya tsira, zuriyarsa ta mulki Amurka

Shugabannin Amurka uku, wato Franklin D. Roosevelt da George H. W. Bush da ɗansa George W. Bush, duk tsatsonsu ɗaya: wani bara ɗan Ingila mai suna John Howland, wanda saura ƙiris teku ta haɗiye shi a shekarar 1620.

An haifi Howland a ƙauyen Fenstanton da ke Ingila. Ya shiga jirgin ruwa na Mayflower a matsayin yaron gidan John Carver, wanda ya zama gwamnan farko na sabon garin Plymouth. Jirgin ya tashi a watan Satumba da fasinjoji 102, wasu suna gudun takurar cocin Ingila, wasu kuma neman arziki ya fito da su.

A tsakiyar tekun Atlantika guguwa ta taso, jirgin ya karkata, Howland ya faɗa ruwa. Ya yi sa'ar cafke wata igiyar jirgin, ya riƙe ta gam har ma'aikata suka jawo shi da ƙugiya. William Bradford, gwamna na biyu, shi ne ya rubuta labarin a littafinsa na tarihin Plymouth.

Bayan kwana 66 suka isa Cape Cod, inda Howland ya shiga cikin maza 41 da suka sa hannu a yarjejeniyar zaman tare. Hunturun farko ya zo da sanyi da cuta da ƙarancin abinci, kusan rabin baƙin suka mutu. Carver ya rasu a watan Afrilun 1621, matarsa ta bi shi ba da jimawa ba.

Cikin marayun da aka bari har da Elizabeth Tilley mai shekara 13, wadda ta rasa uwa da uba. Ita Howland ya aura daga baya. Sun haifi 'ya'ya 10, maza 4 mata 6, duk suka girma suka yi aure, aka samu jikoki 88. Daga nan zuriyar ta bazu, har ta haɗa da marubuta Ralph Waldo Emerson da Henry Wadsworth Longfellow.

A 1627 Howland na cikin mutum 8 na Plymouth da suka ɗauki nauyin biyan bashin garin, aka mallaka musu cinikin fatun dabbobi. Ya zama ɗaya daga cikin mataimakan gwamna, ya kuma jagoranci sansanin ciniki a kogin Kennebec, inda rikici da wani ɗan kasuwa a 1634 ya ci rayuka biyu.

Sai dai ƙasar da baƙin suka zauna tana da masu ita. Plymouth a kan kufan Patuxet aka gina shi, garin ƙabilar Wampanoag da annoba ta share tsakanin 1616 da 1619. Sarkinsu Massasoit ya ƙulla amana da baƙin a watan Maris na 1621, mutanen ƙasar kuma suka koya musu noman masara. Amma yayin da iyalai irin na Howland ke yaɗuwa, buƙatar gonaki ta ƙaru, filayen 'yan ƙasa suna ta raguwa.

Howland ya rasu a watan Fabrairun 1673. Bayan shekara biyu yaƙi ya ɓarke da Metacom, ɗan Massasoit. An kashe Metacom a 1676, aka sayar da ɗansa bawa.

Gidan ɗansa Jabez Howland yana nan a Plymouth, ya zama gidan tarihi da masu bin salsala ke ziyarta. A garin ne kuma, tun 1970, 'yan asalin ƙasar ke taruwa duk ranar bikin godiya na Amurka, wadda su suka mayar ranar makoki.